Kuɗi Ɗaya, Mudu Biyu: Zaluncin Keɓe Wasannin Bidiyo Ga Na'ura Guda



Yau za mu taɓo wani ciniki da ya shigo gidajenmu ba sallama, wanda yara da samari ke yi, iyaye da yayye kuma ke biya: cinikin wasannin bidiyo, waɗanda aka fi sani da gem. Ƙorafinmu guda ne. Mutum biyu su je sayen kaya iri ɗaya, su biya kuɗi ɗaya a rana ɗaya, a cika wa wannan mudu, a tauye wa wancan, dalili kuwa shi ne wani attajiri ya zagaya ta bayan rumfa ya biya mai kaya don ya tauye. A duk kasuwar da muka sani, daga Kejetia ta Kumasi har Kurmi ta Kano, wannan aiki yana da suna, kuma sunan ba mai daɗin ji ba ne. Manyan kamfanonin gem sun raɗa masa suna mai taushi, suna kiransa keɓantaccen kaya, har suna tallarsa a matsayin alfarma ga masu sayen na'urarsu. Mu dai mun ce cutar mai saye ce, kuma ga hujjojinmu.

Mun san akwai mai cewa, ina ruwan manya da wasan yara? Amsa ita ce, kuɗin ba na yara ba ne. Lokacin da PlayStation 5 ta fito a watan Nuwamban 2020, dala 499 aka sa mata a Amurka, haka ita ma Xbox Series X. A daidai wannan zamani ne farashin sabon babban gem ya fara tashi daga dala 60 zuwa 70. Kafin kayan su iso hannunmu an riga an ɗora musu kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa, ga kuma canjin dala da ba ya tausayin sidi. Ban da haka, a Nima da Sabon Zango da Aboabo akwai samarin da gidan gem ne sana'arsu: sun tara jari sun sayi na'ura biyu ko uku da talabijin, da abin da suke samu suke biyan haya su kuma taimaki na gida. Abin da ya shafi jarin talaka ya wuce a kira shi wasa.

Kafin mu yi hukunci, ya kamata mai karatu ya san yadda kasuwar take. Kamfanoni uku ne ke riƙe da ita: Sony na ƙasar Japan mai PlayStation, Microsoft na Amurka mai Xbox, da Nintendo, shi ma na Japan, mai Switch. Faifan da aka yi wa na'urar ɗaya ba ya aiki a ta ɗaya. Yawancin ribarsu kuma ba a jikin na'urar take ba. A watan Mayun 2021 wata jami'ar Microsoft ta shaida wa wata kotu a Amurka cewa kamfanin bai taɓa cin riba a kan sayar da Xbox ita kanta ba. Ribar tana zuwa ne daga baya: kashi 30 cikin ɗari na duk abin da aka saya a shagonsu na intanet, da kuɗin wata-wata da ake biya kafin a yi wasa da mutanen nesa. Ke nan duk wanda ya sayi na'ura ya zama saniyar tatsa ta shekara shida ko bakwai, har sabuwa ta fito. Wannan ne ya sa kowane kamfani ke neman abin da zai ja mutum cikin shingensa, domin in ya shiga, ya tara faifai, abokansa ma suka shiga, fita ta yi masa wuya.

Ba duk keɓewa ce muke tuhuma ba, don adalci ya hana a yi wa mai laifi da marar laifi kuɗin goro. Akwai wasan da kamfani ya haɗa da ma'aikatansa da dukiyarsa, kamar Mario da Zelda na Nintendo, ko God of War na Sony, ko Halo na Microsoft. Wanda ya haƙa rijiya a gidansa yana da ikon cewa sai a gidansa za a ɗebi ruwa. Akwai kuma wasan da ya kusa mutuwa a ciki saboda rashin jari, wani ya zo ya ɗauki nauyinsa. Misalin da aka fi sani shi ne Bayonetta 2. Na farkonsa ya fito a 2009 a PlayStation 3 da Xbox 360, amma na biyun ya tsaya cak, sai Nintendo ya zuba kuɗi aka kammala shi, ya fito a Wii U a 2014. Masu PlayStation da Xbox sun ji haushi, sai dai ba a ƙwace musu komai ba, domin ba don wannan kuɗi ba da babu wanda zai ga wasan. A waɗannan nau'o'i biyu an biya kuɗi ne don a samar da abin da babu.

Nau'i na uku shi ne abin faɗanmu: a biya kuɗi don a hana wasu abin da ya riga ya samu. Wani kamfani mai zaman kansa ya haɗa gem da niyyar sayar wa kowa, sai mai na'ura ya zo da jakar kuɗi ya ce a yanke wani kashi a ajiye wa mutanensa, ko a riƙe wasan gaba ɗaya shekara guda kada ya isa wurin abokin hamayya. Wannan kuɗi bai ƙara wa mai PlayStation ko mai Xbox komai ba a kan abin da dama zai samu. Iyakar abin da ya saya shi ne hanin maƙwabci. Ga ma'aunin da muke ba mai karatu ya riƙe: duk lokacin da aka ce masa wannan naku ne ku kaɗai, ya tambaya, shin da ba a biya ba abin zai wanzu? In amsar ita ce e, to kuɗin hani aka biya.

Mu fara da wasan da kowane yaron zango ya sani, wato FIFA na kamfanin EA. Daga FIFA 14 da ya fito a 2013 har zuwa FIFA 17, shekara huɗu cur, akwai rukunin tsofaffin gwarazan ƙwallo da ake kira Legends a sashen Ultimate Team, inda mutum ke haɗa ƙungiyarsa. A cikinsu akwai Pele, akwai George Weah, gwarzon Laberiya da ya ci kyautar Ballon d'Or a 1995, daga baya aka ƙara Jay-Jay Okocha. Wannan rukuni Xbox kaɗai aka ba. Yaron da ke Accra ko Tamale da PlayStation a gabansa, wadda ita ce ta fi yawa a unguwanninmu, ya biya kuɗin FIFA cif, amma ba shi da ikon sa Weah ko Okocha a ƙungiyarsa. Ba don na'urarsa ta gaza ba. Ai da yarjejeniyar ta ƙare, a FIFA 18 na 2017 aka sake wa rukunin suna Icons aka buɗe wa masu PlayStation da kwamfuta, kuma ya yi aiki lafiya lau. Shekara huɗun nan, ƙofa ce kawai aka kulle da kuɗi.

Kada masu Xbox su yi dariya, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A watan Satumban 2014 aka fitar da Destiny, wasan harbe-harbe na intanet da kamfanin Bungie ya haɗa, Activision ya sayar. Dala 60 ne a PlayStation, dala 60 a Xbox. Amma mai Xbox bai samu wani kashin yaƙi mai suna Dust Palace ba, bai samu filin fafatawa na Exodus Blue ba, bai samu bindigogin Hawkmoon da Monte Carlo ba, sai bayan shekara guda. Da aka fitar da babban ƙarin wasan mai suna The Taken King a 2015, aka sake yanke wasu kaya aka ce sai bayan shekara. Shekarar ta cika, aka ƙara wata. Kayan ba su isa Xbox ba sai a ƙarshen 2017, bayan Destiny 2 ya riga ya fito mutane sun koma can. Wannan shi ne a kawo wa mutum tuwon biki bayan an kai amarya an watse.

Call of Duty kuwa ya nuna cewa lamarin gwanjo ne, wanda ya fi tayi shi ke ɗauka. Daga 2010 masu Xbox ne ke samun sababbin filayen wasan wata guda kafin kowa. A 2015 Sony ya karɓe yarjejeniyar, aka juya akala, waɗanda suka sayi Xbox saboda wannan alfarma suka koma layin baya. A 2019, cikin Modern Warfare, aka keɓe wani salon wasa mai suna Survival ga PlayStation 4 har zuwa 1 ga Oktoban 2020. Duk mai bin wannan wasa ya san kowace shekara ake fitar da sabo. Sabon ya fito a watan Nuwamban 2020, wato makonni shida kacal bayan an buɗe wa sauran jama'a ƙofa. Wa'adin shekara ɗaya a wasan da rayuwarsa shekara ɗaya ce, ai hani ne na dindindin da aka sa wa rigar wa'adi.

Akwai ma inda ba a yi wahalar sa wa'adin ba. Marvel's Avengers ya fito a 2020 a PlayStation da Xbox da kwamfuta a kan farashi ɗaya, amma aka ce Spider-Man, wanda ya fi duk sauran jaruman farin jini wurin yara, na PlayStation ne kaɗai. Ya iso a ƙarshen Nuwamban 2021, kuma har aka daina kula da wasan a watan Satumban 2023 masu Xbox da kwamfuta ba su gan shi ba. Masu kare Sony sun ce ai jarumin nasa ne. Abin da Sony ke riƙe da shi haƙƙin fim ne. Shaida kuwa ita ce, a 2019 Spider-Man ɗin nan ya fito a Marvel Ultimate Alliance 3, wasan da ke kan Switch ta Nintendo.

Yanzu mu zo ga riƙe wasa gaba ɗaya na wani lokaci. Babban aibinsa shi ne ɓoye gaskiya, domin dabarar ba ta cin nasara sai mai saye ya kasance cikin duhu. A watan Agustan 2014, a bajekolin Gamescom na Jamus, Microsoft ya sanar cewa Rise of the Tomb Raider zai fito a Xbox kaɗai a ƙarshen 2015. Tomb Raider wasa ne da ya yi suna a PlayStation tun 1996, don haka masoyansa suka tayar da ƙura. Sai bayan hayaniyar shugaban Xbox, Phil Spencer, ya amsa cewa yarjejeniyar tana da wa'adi, amma bai faɗi tsawonsa ba. Aka bar mutane kusan shekara guda ba su san matsayinsu ba, sai a watan Yulin 2015 aka bayyana cewa zai zo kwamfuta da PlayStation 4. Ya iso kwamfuta a Janairun 2016, PlayStation 4 kuma a Oktoban 2016. Duk wanda ya sayi Xbox a tsakanin nan don yana zaton babu wata hanya, an sayar masa da na'ura ne da rashin sani, kuma da gangan aka bar shi a rashin sanin. Final Fantasy VII Remake ya zo da akasin haka. Ya fito a PlayStation 4 a watan Afrilun 2020 da sanarwar wa'adin shekara ɗaya. Masu Xbox suka yi haƙuri suna ƙidayar watanni. Shekarar ta wuce, wasan ya tafi kwamfuta a Disamban 2021, su kuwa shekara biyar ta cika ba su gan shi ba. An yaudari na farko ya yi gaggawa, an yaudari na biyu ya yi jira. Cinikin da mai kaya ya san gaskiya ya kuma ɓoye ta don ya ci riba, iyayenmu ba su taɓa kiransa ciniki mai albarka ba.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da hujjoji, kuma ba za mu tsallake su ba. Ta farko ita ce babu wanda aka tilasta wa, wanda bai so ba ya bari. Wannan magana tana da ƙarfi a kasuwar tumatir, inda in wannan ya tsawwala sai ka matsa rumfar gaba. A nan rumfa uku ce kawai, kuma matsawa daga ɗaya zuwa ɗaya yana nufin sayen sabuwar na'ura ta ɗaruruwan daloli da watsar da duk faifan da aka tara. Ga kuma cewa sau da yawa ana ƙulla yarjejeniyar ne bayan mutum ya riga ya sayi tasa na'urar. Wanda ya sayi Xbox One a 2013 yana ganin Call of Duty na fifita ta, wa ya shawarce shi kafin a juya a 2015?

Hujja ta biyu ita ce wannan gasa ce, gasa kuma alheri ce ga mai saye. Gasar da ke amfanar mai saye ita ce wadda kowa ke ƙoƙarin kyautata kayansa ko sauƙaƙa farashinsa. Idan mai shayi biyu suna gasa, wannan ya ƙara madara wancan ya rage kuɗi, unguwa ce ta ci riba. Idan kuwa ɗaya ya je ya biya gidan burodi don kada a sayar wa ɗaya, shayinsa bai ƙara daɗi ba, unguwa kuma ta rasa zaɓi. Kuɗin da ya kai gidan burodin ma a kofin masu shan shayinsa zai fanshe shi. Haka abin yake a nan: duk miliyoyin da ake biya don hani, daga aljihun masu saye suke fitowa, har da waɗanda ake ce wa an yi musu alfarma.

Hujja ta uku ta fi nauyi: haɗa gem ya yi tsada ƙwarai, kuɗin keɓewa kuma yana rage wa masu haɗawa haɗarin asara. Tsadar gaskiya ce. Takardun Sony da suka bayyana a wata shari'a a Amurka a 2023 sun nuna cewa The Last of Us Part II ya ci kimanin dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma dala miliyan 212. Ƙaramin kamfani da ke fafutukar kammala wasansa na farko, in ya karɓi tallafi ya ba da keɓewa, ba mu ga laifinsa ba, ya shiga sahun Bayonetta 2. Amma waɗanda muka lissafa a sama ba mabarata ba ne. FIFA da Call of Duty sun kasance cikin wasannin da suka fi kowane ciniki a duniya, shekara bayan shekara. Wane haɗari ne Activision ke gudu da har sai ya tauye wa rabin masu sayensa mudu? In kuma an ce kuɗin yana kare ma'aikata, to a watan Janairun 2024 Microsoft ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashen gem, a watan Fabrairu Sony ya sallami kimanin 900. Banza ba ta kai zomo kasuwa: kuɗin hani na neman riba ne, ba sadaka ba ne ga masu zane da masu rubuta manhaja.

Hujja ta huɗu ita ce a yi haƙuri, ai wa'adi ne, zai wuce. Haƙuri kyakkyawan hali ne, amma ba a ɗora wa wanda ya biya kuɗi ɗaya da ɗan uwansa haƙurin da ba a ɗora wa ɗan uwan ba. Wasannin intanet da jama'a suke rayuwa. In jama'a suka watse, abin da ya rage kango ne. Wasannin labari kuwa, kafin shekara ta zagayo an gama bayyana ƙarshensu a YouTube da Facebook. In dai jira ba komai ba ne, me ya sa kamfani ke biyan miliyoyi don ya sa abokin hamayya jira? Farashin da suke biya shi ne shaidar cewa jiran yana da ciwo.

Dubi kuma inda wannan hanya ta kai su. Tun a zamanin Grand Theft Auto IV, Microsoft ya ba da dala miliyan 50 don ƙarin kashi biyu na wasan su fara fitowa a Xbox 360 a 2009. Masu PlayStation 3 sai a Afrilun 2010 suka samu. Sony ya rama da irin nasa, har ya ƙulla da kamfanin Bethesda cewa Deathloop da Ghostwire: Tokyo su yi shekara guda a PlayStation 5 ban da Xbox. Microsoft ya ga haya ba ta ƙarewa, sai ya sayi gidan gaba ɗaya: ya biya dala biliyan 7.5 ya mallaki ZeniMax, uwar Bethesda, a watan Maris na 2021. Abin dariya ya biyo baya, domin Deathloop ya fito a Satumban 2021 mallakin Microsoft, amma masu Xbox ba su same shi ba sai a Satumban 2022. A watan Yunin 2023 Phil Spencer ya faɗa wa kotu cewa jin Starfield ma zai iya tsallake Xbox yana cikin abin da ya sa suka sayi kamfanin. Starfield ɗin ya fito a Satumban 2023 a Xbox da kwamfuta, aka bar masu PlayStation a waje. Daga nan sai cinikin Activision Blizzard na dala biliyan 68.7, wanda aka sanar a Janairun 2022 aka kammala a Oktoban 2023. A lokacin ne muka ga Sony, wanda ya shafe shekaru yana biya don a tauye wa masu Xbox Call of Duty, yana kai kuka gaban hukumomin Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai cewa za a iya hana mutanensa wasan. Mai yanka ya ga wuƙa ta nufo wuyansa. Sai da Microsoft ya sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 da Nintendo, da kuma wata da Sony, cewa wasan zai ci gaba da zuwa musu.

A nan akwai darasi. Bayan matsin hukumomi, Microsoft ya yi alkawarin daidaita Call of Duty a kowace na'ura, kuma Black Ops 6 ya fito a Oktoban 2024 ba tare da an keɓe wa wani fili ko salon wasa ba. Kasuwa ba ta rushe ba. A shekarar 2024 ɗin Microsoft ya kai wasanninsa huɗu, ciki har da Sea of Thieves, zuwa PlayStation 5, a 2025 ya ƙara da Forza Horizon 5. Sony ma daga 2020 ya riƙa kai nasa kwamfuta, ya fara da Horizon Zero Dawn, God of War ya biyo a 2022. Ashe shingen da aka ce in babu shi sana'ar za ta mutu, su da kansu suke cire shi duk ranar da lissafin riba ya ce a cire.

Mu da ke wannan yanki namu kason ya fi ɗaci. Ghana da Togo da Kamaru da Nijar da Chadi ba sa cikin jerin ƙasashen da Sony ya buɗe wa shagon PlayStation a hukumance, shi ya sa yaranmu ke buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila, suna sayen katin kuɗi da tsada a hannun 'yan kasuwa. A watan Mayun 2024 aka ga hatsarin wannan. Sony ya ce duk mai buga Helldivers 2 a kwamfuta dole ya haɗa da asusun PlayStation, aka kuma cire wasan daga kasuwar Steam a ƙasashe da yankuna fiye da 170 inda babu wannan asusu. Masu saye a duniya suka yi ca, cikin 'yan kwanaki Sony ya janye sharaɗin asusun. Abu biyu muka koya: ba a lissafa mu a lokacin da ake yanke shawara, kuma idan masu saye suka haɗa murya kamfani yana ja da baya. Mai gidan gem a unguwarmu ba shi da jarin sayen na'ura iri biyu don ya bi kowane wasa inda aka kulle shi. Ɗan Amurka mai albashin dala yana iya sayen duka biyun ya huta. Keɓewa haraji ne da ya fi nauyi a kan wanda ya fi rauni.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba. Duk wasan da aka keɓe na wa'adi, a rubuta ranar ƙarewar wa'adin da na'urorin da zai je, a jikin kwali da shafin sayarwa, tun ranar sanarwa ta farko, kada kuma a tsawaita bayan an karɓi kuɗin mutane. Duk wanda aka yanke wa wani kashi, a rubuta masa abin da aka yanke, a kuma rage masa farashi gwargwadonsa. Ragaggen mudu ba ya cin kuɗin cikakke. A wasannin da mutane ke fafatawa da juna, kada a ba wani makami ko ɗan wasan da aka hana wani. Hukumomin kare masu saye da suka binciki cinikin Activision su riƙa duba waɗannan ƙananan yarjejeniyoyi ma, don daga su ne babbar ɓarnar ta taso.

Kafin a samu haka, akwai abin da ke hannunmu. Iyaye da yayye, in yaro ya ce a saya masa na'ura kaza saboda wasa kaza ita kaɗai ke da shi, a tambaya tukuna: kamfanin na'urar ne ya haɗa wasan, ko riƙe shi aka yi na wani lokaci? In riƙewa ce, jira ya fi sayen sabuwar na'ura araha. Masu gidajen gem, ku zuba jarinku a wasannin da ke cika benci kullum, kada talla ta ja ku ga wanda za a saki ga kowa baɗi. Kada a biya kuɗin wasa tun kafin ya fito, a bari a ga abin da ke cikin kwalin. Samarinmu kuma, muna ganin yadda kuke zagin juna a intanet, wannan ɗan PlayStation wancan ɗan Xbox, kowa na murna in an hana ɗan uwansa wani abu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Babu ɗayanku da ke da hannun jari a Tokyo ko Redmond, kuma wanda aka fifita bana shi za a tauye baɗi, kamar yadda FIFA da Call of Duty suka nuna. Ranar da aka ce an ba ku abin da aka hana maƙwabcinku alhali kuɗinku ɗaya, ku tambayi mai kaya nawa aka biya shi, kuma a aljihun wa za a fanshe.

Allah Ya ba mu ciniki na gaskiya, Ya sa albarka a sana'ar matasanmu. Mun bar muku filin sharhi, musamman masu gidajen gem, ku faɗa mana yadda abin yake taɓa jarinku.